Gyaran tsofaffin kayan katako don sayarwa

Gyaran tsofaffin kayan katako sana'a ce ta sayen gado, kujera, tebur ko kabad da suka sha jiki, a ɗaure gaɓoɓinsu, a sabunta fuskarsu, sannan a sayar. A ƙasar Hausa kafintoci ne ke yin aikin, kayan kuwa galibi ta hannun dillalai suke fitowa, idan mace za ta canza kayan ɗaki ko maigida zai bar gari.

Tun wurin saye ake cin riba ko a faɗi. Gwanin mai gyara yakan kifa tebur ya duba ƙarƙashinsa, inda fenti bai taɓa ba, don ya gane ko katako ne zalla, irin su maɗaci da iroko, ko kuwa MDF, wato garin katako da aka matse da gam. Na farko ko sau nawa aka kankare shi yana nan. Na biyu da zarar ya sha ruwa ya kumbura, tasa ta ƙare. Daga nan sai ya ƙwanƙwasa ƙafafun da bayan yatsa. In ya ji suna amsawa kamar ƙwarya, gara ta cinye cikin ta bar ɓawo. Ƙananan huji da gari mai laushi a ƙasansu kuwa alamar ƙwaro ce, kuma yana ciki. Kayan madobiya sun cancanci a lallaɓa su, ganin an yi wa itacen sara har aka sa shi cikin jerin CITES, wato yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa, wadda ta taƙaita fataucinsa tsakanin ƙasashe tun 2017.

Katako yana kumbura da damina, ya tsuke da hunturu, shi ya sa kujera ke fara girgiɗi bayan 'yan shekaru. Maganinsa a zare gaɓar, a kankare tsohon gam, a sa sabo, a matse ta kwana. Masu gaggawa ƙusa suke bugawa, wadda takan tsaga katakon, aibin kuma sai ya bayyana a ɗakin mai saye.

Kafin a taɓa fuskar kaya ana gwada abin da aka shafa mata. Idan an ɗiga sifirit a wani lungu ya yi danƙo, shalak ne, wani ƙaro da ƙwari ke fitarwa a itatuwan Indiya da Tailan, kuma ana iya farfaɗo da shi ba sai an kankare ba. Idan dole sai an goge, ana farawa da samfefa mai kaushi, lamba 80 ko 120, a ƙare da 220, kullum ana bin tsawon jijiyar katako, sannan a shafa banish a wurin da ba ƙura.

Tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, ƙurarsa kuma guba ce, musamman ga yara. Amurka ta hana irinsa a gidaje a 1978.

A Turai da Amurka, kayan da suka kai shekara 100 ana lissafa su cikin kayan tarihi, kuma kankare su rage musu kuɗi yake yi, domin duhun tsufan nan shi masu saye ke nema. A kasuwanninmu kuwa ƙyalli ne ke sayar da kaya, har akan lulluɓe maɗaci mai kyan jijiya da farin fenti don a ce sabo ne.