Tallan intanet a ƙananan sana'o'in Gombe

Tallan intanet shi ne tallata haja ko sana'a da rubutu, hoto, murya ko bidiyo a manhajojin waya, ta yadda mai saye zai ga kaya, ya ji kuɗinsu, a yi ciniki ba tare da ya taka ƙofar shago ba. A Gombe yawancin masu yin sa ba kamfanoni ba ne. Tela ne a Jekadafari, mai turaren wuta da humra a Pantami, ɗalibar Jami'ar Tarayya ta Kashere mai sayar da mayafai a ɗakin kwananta, ko mai sarin wake a Tudun Hatsi. A bakin mutane sunan abin "kasuwar onlayin", mai saye kuwa "kwastoma".

Asali

Talla ya girmi waya nesa ba kusa ba. Tun kaka da kakanni matar aure kan matse man gyaɗa ko ta soya ƙosai a cikin gida, yarinya ta ɗauki faranti ta zaga unguwa. Dillaliya kuma ta ƙulle zannuwa ta riƙa shiga gida-gida, in an yi ciniki ta zare la'adarta. Aikin waɗannan biyun ne waya ta gada, shi ya sa mata suka yi kaka-gida a harkar.

Layukan wayar salula na GSM sun fara aiki a Najeriya a watan Agustan 2001. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, aka ƙara masa saƙon murya a 2013, sai sitatus mai ɓacewa bayan awa 24 a 2017, sannan WhatsApp Business na 'yan kasuwa a 2018. Abin da ya ƙarasa ingiza mutane shi ne ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira. A lokacin hatta mai shayi da mai kayan miya sai da suka buɗe asusu a irin su OPay, Moniepoint da PalmPay. Wanda ya saba biya da turansifa kuwa ba ya jin nauyin sayen abin da a hoto kawai ya gan shi.

Dandalin da ake amfani da su

Sitatus na WhatsApp shi ne teburin ƙaramin ɗan kasuwa, amma yana da iyaka: sai wanda ya ajiye lambarka, kai ma ka ajiye tasa, zai ga abin da ka ɗora. Dalilin ke nan da mai kaya ke ce wa sabuwar kwastoma, "Hajiya, ki ajiye lambata don ki riƙa ganin sababbin kaya." Facebook ya fi kai talla ga wanda ba a sani ba, kuma idan an biya kuɗi ana iya zaɓar gari da shekarun waɗanda za su gani. Instagram ya fi karɓar kayan ƙawa, TikTok kuma sai mai baki da iya tsayawa gaban kyamara.

Rubutun talla

A kasuwa hannu ne ke gaya wa mai saye kaurin atamfa, hanci ya gaya masa ƙarfin turare, ido ya auna cikar mudu. A waya duk waɗannan babu. Rubutu ne zai tsaya a madadinsu, kuma a nan yawancin tallace-tallace ke faɗuwa. Sau da yawa abin da ake gani a ƙarƙashin hoto bai wuce wannan ba: "Sabbin kaya sun iso, masu kyau da rahusa, sai kun zo." Wane kaya? Nawa? A ina? Kwatanta shi da wannan: "Man gyaɗa matsar gida, ba gauraye. Galan mai lita 4, naira kaza. Muna Bolari, muna kaiwa ko'ina cikin garin Gombe a ranar, kuɗin ɗan acaɓa na mai saye ne." Na biyun bai fi na farkon daɗin baki ba, amma ya amsa tambayoyin da mai saye zai yi tun kafin ya buɗe baki: mene ne, yaya yawansa, nawa ne, ina yake, yaya zai iso.

Maganar farashi ita ce mai gardama. Masu kaya da dama ba sa rubuta kuɗi, sai su ce a biyo su ta bayan fage, wato a tura musu saƙo a keɓe. Suna da hujja: ciniki a wurinmu taya ne da albarka, kuma farashin sari na iya canzawa tsakanin Litinin da Alhamis. Amma mai jin kunya, ko wanda yake tsoron ya tambaya ya tarar abin ya fi ƙarfin aljihunsa, wucewa kawai yake yi. Wanda ya bayyana farashi kuma ya huta da amsa "nawa?" sau hamsin a rana. Mafitar da wasu suka samu ita ce a rubuta kuɗin tare da kwanan wata, a ƙara da "akwai ragi ga mai sari". Ta haka ba a rufe ƙofar ciniki ba.

Ma'auni ma yana son a fayyace shi. Mudun Gombe ba lallai ya yi daidai da kwanon wani gari ba, don haka mai aika wake ko shinkafa zuwa Yola ko Jalingo gara ya faɗi kilo. Mai atamfa ya faɗi yadi nawa ne a turmi, mai takalmi ya jera lambobin da suka rage. Layin farko shi ne ya kamata ya ɗauki sunan kaya, domin manhajoji kan datse dogon rubutu, ba kowa ne kuma ke dannawa ya ga saura ba. Sallama da gaisuwa suna da muhallinsu a hirar mutum biyu, inda ba a faɗa wa Alhaji ko Hajiya da farashi kafin a tambayi gida da iyali. A ƙarƙashin hoto kuwa, doguwar gaisuwa cinye wurin kaya take yi.

Sai kirari. Bahaushe na son kambama haja, kuma ɗan kirari gishirin talla ne. Inda ake ɓata rawa da tsalle shi ne a kira leshi mai sauƙin kuɗi "na waje", ko a ɓoye cewa takalmin gwanjo ne. A gari kamar Gombe, inda kwastoma kan zama ƙawar matar yayanka, labarin kayan da ba su yi kama da hotonsu ba yakan riga mai kayan isa gidan biki. Faɗin aibin kaya kafin a sayar ƙa'ida ce a fiƙihun ciniki, a waya kuma ita ce ke rage dawo da kaya.

Harshe

Hausa ce harshen kasuwa a Gombe, ko da yake akwai masu Fulatanci, Tangale, Tera, Waja da Bolanci, ga kuma ɗalibai da ma'aikata daga Kudu. Saboda haka wasu kan rubuta talla da Hausa, su maimaita shi a taƙaice da Turanci. Hakan ya fi cakuɗa harsunan biyu a jimla ɗaya. Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ da ƙ, suna nan a allon rubutun Hausa na wayoyin Android, kuma rashinsu na iya juya magana: mai sayar da ƙosai ko ƙafar saniya ba zai rasa mai fahimtarsa ba, amma "kafa" da "ƙafa" kalmomi biyu ne, haka "baki" da "baƙi". Ga kwastoman da bai iya karatun boko ba, saƙon murya ya fi komai, sai dai a bi shi da farashi a rubuce da lambobi, don ya zama shaida in an samu saɓani.

Hoto

Hoton da mai kaya ya ɗauka da kansa, da hasken rana, a kan farin zane, ya fi wanda aka kwaso a intanet, ko da na intanet ɗin ya fi sheƙi. Launin yadi kan canza a ƙarƙashin fitila, wannan kuma na cikin manyan dalilan rigima tsakanin masu atamfa da kwastomominsu.

Biya da aike

Cikin gari ɗan acaɓa ko mai Keke Napep ne ɗan aike. Zuwa Kumo, Dukku, Billiri, Bauchi ko Kano kuwa tasha ake kai kaya, a ba direban Gombe Line ko na motar haya, a rubuta suna da lambar mai karɓa a jikin kwali, a tura masa lambar direba. Teloli da masu kek kan karɓi kafin alƙalami, musamman daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin Sallah, lokacin da ɗinki ke yi wa kowa yawa. Damfarar da aka fi kuka da ita ita ce alat na bogi: a turo hoton rasit alhali kuɗi bai shiga ba. Masu sana'ar da suka goge ba sa sallama kaya sai sun buɗe asusunsu sun ga kuɗin da idonsu.

Doka

Rajistar sunan kasuwanci tana hannun hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, ana kuma yin ta ta intanet. Da ita ake buɗe asusun banki da sunan sana'a, abin da ke kwantar da hankalin baƙon kwastoma idan ya ga sunan asusu ya yi daidai da na shafi. Abincin da aka ƙunshe don sayarwa, kayan shafe-shafe da magunguna suna buƙatar rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, kuma hakan ya haɗa da man gyaran fata da magungunan gargajiya da ake tallatawa a sitatus. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi lambobin wayar da ɗan kasuwa ke tarawa: jefa mutum cikin zauren WhatsApp ba da izininsa ba, ko bai wa wani lambarsa, na iya saɓa mata.