Ilimin Nazarin Ɗan Adam

Ilimin nazarin ɗan Adam, ko antirofoloji, fanni ne da ke bin diddigin mutum ta kowace fuska: jikinsa, al'adunsa, harshensa da abin da magabatansa suka bari. Sunan ya samo asali daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin "mutum" da "nazari". Franz Boas (1858–1942), haifaffen Jamus da ya koyar a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, shi ya fi ƙarfafa kasa fannin gida huɗu.

Reshen al'adu ne ya fi suna. Masanan farko, irin su Edward Tylor na Ingila, sun dogara da rahotannin matafiya da 'yan mishan, suka jera al'ummomi hawa-hawa, Turawa a can sama. Boas ya yi fatali da wannan jeri, kuma da gaskiyarsa: kowace al'ada sai an duba tarihinta kafin a fahimce ta. Bronisław Malinowski, masani haifaffen Poland, kuwa ya nuna cewa gani ya kori ji. Tsakanin 1915 da 1918 ya kafa tantinsa cikin ƙauyukan tsibiran Trobriand da ke gabas da New Guinea a tekun Pasifik, ya koyi harshen mutanen, ya lura da musayar da suke kira kula. Sarƙoƙin wuya na jan ƙwanso suna zagaya tsibiran ta hannu guda, awarwaron farin ƙwanso suna bi ta ɗaya hannun. Ba mai riƙe su dindindin. Ɗaukaka da amintaka ake nema. Baƙon kwana biyu ba zai taɓa gane haka ba.

Reshen halitta yana nazarin ƙasusuwa, ƙwayoyin gado da rayuwar birai. A 1974 aka tono ƙwarangwal ɗin wata tsohuwar halitta dangin ɗan Adam da ake kira Lucy a Hadar ta ƙasar Habasha, mai shekara kusan miliyan 3.2. Ƙashin ƙugunta ya nuna da ƙafa biyu take tafiya, duk da ƙanƙantar ƙwaƙwalwarta.

A reshe na uku, masu tonon kufai suna karanta tarihin da ba a rubuta ba daga tsingaro, toka da gawayi. Awon sinadarin kabon-14 da ke cikin ragowar abin da ya taɓa rayuwa, wanda rabinsa ke narkewa cikin shekara 5,730, yana ba su shekarun abin da bai wuce kimanin shekara 50,000 ba.

Na huɗu shi ne reshen harshe, mai duba yadda magana ke bayyana dangantaka, girma da matsayi tsakanin mutane. Masanansa da dama sun duƙufa wajen naɗar harsunan da masu jin su suka rage tsofaffi kaɗan.