Mece ce shari'ar ja-in-ja?

Shari'ar ja-in-ja ita ce tsarin da kotunan Ingila da Amurka da galibin ƙasashen da Birtaniya ta yi wa mulkin mallaka suke bi. Mai gabatar da ƙara ya kawo shaidunsa, lauyan wanda ake tuhuma ya yi ta yi musu tambayoyin ƙure, alƙali kuwa yana zaune yana lura da ƙa'ida, ba ya fita neman hujja da kansa. Tunanin shi ne idan ɓangarorin biyu suka gwabza, gaskiya za ta yi halinta. A Faransa da Jamus alƙalin ne ke jan ragamar tambayoyi.

Inda gizo ke saƙa a shari'ar ja-in-ja shi ne, kowane ɓangare ya riga ya tsayar da abin da yake so kotu ta yarda da shi kafin a zauna. Hujjar da ta dace da labarinsa ya ɗauka, wadda ba ta dace ba ya kau da kai.

Dubi shari'ar Sally Clark a Ingila. Jariranta biyu sun mutu, ɗaya a 1996, ɗaya a 1998. A 1999 aka same ta da laifin kisansu, bayan wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su yi mutuwar farat ɗaya a irin gidanta ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin ba daidai ba ne, amma ya zauna a zukatan masu yanke hukunci. Ashe akwai sakamakon gwaji da ya nuna ƙwayoyin cuta a jikin ɗanta na biyu, likitan da ya binciki gawar bai fito da shi ba. Sai a 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta.

Ga kuma batun aljihu. Mai hali ya ɗauko gogaggen lauya da nasa masana, talaka ya dogara da lauyan gwamnati da aiki ya yi wa yawa. A Amurka ma fiye da kashi 90 cikin ɗari na waɗanda ake samu da laifi amsawa suka yi don a sassauta musu, ba a kai ga sauraren shaidu ba.

Kada dai a ɗauka ɗaya tsarin, wato na Faransa da Jamus, ya tsira. A shari'ar zargin lalata da yara ta garin Outreau a Faransa, alƙalin bincike ya kafe a kan zarginsa, aka tsare mutane, daga baya kotuna suka wanke 13 daga cikinsu tsakanin 2004 da 2005.