Gyaran hoto tun a cikin kyamara

Gyaran hoto tun a cikin kyamara shi ne mutum ya saita kyamararsa ta dijital yadda hoton zai fito daidai lokacin da ya danna maɓalli, ba sai ya kai shi kwamfuta ko waya yana ta fama da editin ba. Abin ya fi shafar masu koyo saboda yawancinsu a JPEG suke ɗauka, wato nau'in fayil ɗin hoto da aka fi amfani da shi, shi kuma JPEG, wanda aka fitar tun 1992, bit 8 ne, wato matakan haske 256 kacal a kowane launi, kyamara ta riga ta yanke hukunci ta zubar da sauran bayanan kafin ma ka kalli hoton. RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara bata sarrafa ba, ya fi shi sassauci tunda bit 12 ko 14 ne, amma ko shi idan wuri ya ƙone ya zama fari fat to shikenan, babu manhajar da zata dawo da abinda sensa, ɓangaren kyamara mai kama haske, bata kama ba.

Abubuwa uku ne ke riƙe da haske: ƙofar lensi, saurin shota da ISO. Ƙofar lensi ita ce lambar nan mai f a gaba, kuma a nan mutane ke ruɗewa don ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. A f/2.8 haske zai shigo da yawa, bayan mutum ya yi dishi-dishi fuskarsa ta fito ras, amma in mutane ne layi biyu ko uku sai a koma f/8 ko f/11 in ba haka ba na baya zasu ɓace. Shota kuwa lokaci ne, wato tsawon lokacin da haske ke shiga, ana auna shi da kason daƙiƙa. Akwai tsohuwar ƙa'idar da har yau tana aiki, in kana riƙe da kyamara a hannu da lensi mai 50mm kar ka sauka ƙasa da 1/50, in 200mm ne to 1/200, yaro mai gudu kuma yana buƙatar 1/500 ko sama. ISO, wato saitin da ke ƙara wa hoto haske amma yana kawo tsaki-tsaki in ya yi sama, shi ake ɗagawa a ƙarshe, 100 ko 200 da rana, 1600 ko 3200 a ɗaki, kuma gaskiya tsoronsa da ake ji ya yi yawa, gara hoto mai ɗan tsaki-tsaki da wanda hannu ya girgiza. Daga f/4 zuwa f/5.6 haske ya ragu da rabi, haka daga 1/125 zuwa 1/250, daga ISO 200 zuwa 400 kuma hoton ya ninka haske, kaga kenan abinda ka cire a nan sai ka biya a can.

Inda aikin yake sosai shi ne mitar haske, wato abin da ke auna haske a cikin kyamara. Kyamara bata san me take kallo ba, ita dai burinta komai ya dawo toka-toka, matsakaicin launin nan da ake cewa kashi 18 cikin 100. Shi yasa in ka ɗauki mai fararen kaya a jikin farin bango sai kaga hoton ya yi duhu kayan sun dawo kamar an daɗe ba a wanke su ba, fuska kuma ta nutse. Maganin shi ne ɗan maɓallin nan mai alamar +/-, ka ƙara +1, wani lokaci har +2. In kuma wuri ne mai duhu da daddare, kyamara zata so ta haska shi fiye da kima, sai ka rage -1. Mutum yana zaune taga na bayansa? Juya shi ya fuskanci tagar, ya fi duk wani saiti sauƙi. Maɓallin +/- ɗin yana aiki a saitin A ko Av inda kai ke zaɓar ƙofar lensi, da S ko Tv inda kai ke zaɓar saurin shota (Nikon da Canon kowa da sunan da ya sa), don haka ba dole bane mai koyo ya faɗa M, inda komai da hannu ake saitawa, tun ranar farko.

Kar a yarda da sikirin, a rana yana nuna hoto ya yi duhu, a duhu yana nuna ya yi haske. Histogiram ake dubawa, wato zanen da ke nuna yadda haske ya rarrabu a hoton: hagu duhu, dama haske, in tulin ya manne da bangon dama wani wuri ya ƙone.

Launi kuma da Kelvin ake auna shi, hasken rana wajen 5500, kwan fitila mai ja-ja wajen 3000, inuwa 7000 ko sama. Saitin launi na otomatik yana ƙoƙari, amma a ɗakin da fitilu suka cakuɗe yakan sa fata ta yi kore ko ruwan lemo, sai a zaɓa da hannu ko a ɗauki farar takarda a ƙarƙashin hasken a saita da ita.

Fokas a ido ake sa shi, idon da ya fi kusa da kyamara. Bayan an ɗauka a zuƙo hoton a duba idon nan take, tun mutumin bai tashi ba.