Waiwaye: raunin da aka gani a maganin maleriya tun yana ɗakin gwaji

Tun da rahotanni suka fito daga Ruwanda a 2020, Yuganda a 2021, sannan Eritiriya, cewa ƙwayar cutar maleriya ta fara yi wa atimisinin, sinadarin da ke cikin manyan magungunan maleriya na yau, taurin kai, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu sun ce maganin ne ya tsufa, wasu sun ce jabu ne ya cika kasuwa, wasu kuma sun ce a koma wa tazargade kowa ya huta. Ana ta maganar kamar jiya-jiya abin ya ɓullo.

Farkon labarin sananne ne. Kulorokwin, wanda manya ke tunawa da ɗacinsa da ƙaiƙayinsa, ya soma gazawa a iyakar Tailan da Kambodiya a ƙarshen shekarun 1950, kafin 1980 matsalar ta iso gabashin Afirka. A 1967 ƙasar Sin ta buɗe shirin sirri na neman sabon magani saboda sojojin da zazzaɓi ke kwantarwa a yaƙin Biyetnam, a 1969 kuma aka ba Tu Youyou, masaniyar harhaɗa magunguna, jagorancin wata tawaga. Ta tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000, har ta ci karo da bayanin Ge Hong, likitan ƙarni na 4, kan wani ganye ɗan'uwan tazargade: a jiƙa a ruwa, a matse, a sha. Bai ce a tafasa ba. Nan ta gane zafin wuta ne ke lalata sinadarin. Samfurinta na 191, a Oktoban 1971, ya kakkaɓe ƙwayar cutar daga jinin ɓeraye; daga wannan ganye aka samo atimisinin. A 1972 ta gwada shi a jikinta kafin a ba majinyata. Kyautar Nobel ta biyo baya a 2015.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da likitocin Sin suka lura da shi a gwaje-gwajen shekarun 1970. Maganin na saukar da zazzaɓi da saurin da ba a taɓa gani ba, amma bayan 'yan makonni sai ciwon ya dawo wa majinyata da yawa. Dalili kuwa, atimisinin ba ya daɗewa a jini, cikin sa'o'i kaɗan jiki ya fitar da shi. Yana hallaka mafi yawan ƙwayoyin, ya bar 'yan tsiraru, su kuma su sake hayayyafa. In shi kaɗai za a sha, sai an yi kwana bakwai cur. To wa zai jure kwana bakwai alhali tun rana ta biyu ya miƙe ya tafi gona?

Masanan ba su ɓoye wannan ba. A 1984 Li Guoqiao da abokan aikinsa suka wallafa gwajin haɗa shi da wani magani mai daɗewa a jini, domin ɗaya ya yi sara, ɗayan ya share saura. Tawagar Zhou Yiqing ta haɗa atimita, wanda aka samo daga atimisinin, da lumefantirin mai daɗewa a jini, haɗin da yau muke sha sau shida cikin kwana uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar irin wannan haɗi a 2001, a 2006 ta nemi a daina sayar da atimisinin na sha shi kaɗai. A yammacin Kambodiya an riga an shafe shekaru ana shan sa haka shi kaɗai, ba a ma kammala kwanakin, kuma a can, yankunan Battambang da Pailin, aka tabbatar da jinkirin mutuwar ƙwayar cutar a 2008 da 2009. A 2014 aka gano sauyin halittar da ke jawo hakan.

Ga inda ni nake tsayawa: bincike ya nuna ƙwayoyin Ruwanda da Yuganda ba daga Asiya suka zo ba, a nan Afirka suka yi nasu sauyin. Har yanzu haɗin na warkar da yawancin majinyata, domin magani na biyun da ke cikinsa na rufa asiri. Amma Najeriya na ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya, kuma duk mai zama bakin kemis da daminar nan ya san yadda ake ciniki. Uwa ta zo goye da yaro jikinsa zafi rau, babu gwajin jini, ta ce, "Malam, a ba ni na kwana ɗaya." A sa almakashi a yanko mata. In ma ta sayi cikakken kati, da yaro ya soma wasa sai ragowar ta koma cikin kwalla, a ajiye wa ƙaninsa.