Kayan girkin gargajiya na ƙasar Meziko

Kayan girkin gargajiya na Meziko galibinsu na dutse ne da yumɓu da itace, kuma da yawansu tun kafin Sifaniyawa su ci Tenochtitlan, babban birnin mutanen Aztek, a 1521 ake amfani da su, shi ya sa sunayensu ma yawanci daga yaren Nahuatl ne na Aztek. Idan mutum ya duba da kyau zai ga kusan komai a madafar nan saboda masara aka yi shi, sai barkono da wake su biyo baya. A 2010 hukumar UNESCO ta saka girkin gargajiya na Meziko cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana, inda ta ɗauki na jihar Michoacán a matsayin misali.

Babba a cikinsu shi ne metate, wato dutsen niƙa. Doguwar fala ce mai ƙafa uku wadda ake sassaƙawa daga baƙin dutsen aman wuta, ta ɗan karkata gaba, ɗan dutsen da ake murzawa a kai kuma metlapil suke ce masa ko mano. Ba busasshiyar masara ake niƙawa ba, sai an dafa ta tukun da cal, wani farin gari da ake samu in an ƙona farin dutse, wasu kuma da toka suke yi, a bar ta ta kwana a ruwan, da safe a wanke ɓawon ya fita sannan mace ta durƙusa ta yi ta markaɗe har ya zama ƙullu mai laushi da ake kira masa. Wannan dahuwa da cal, nixtamal ke nan, ba ƙaramin abu ba ce, don ita ke sa jiki ya iya amfana da sinadarin niyasin da ke cikin masara. Turawa da suka kai masara ƙasashensu ba su ɗauki wannan dabara ba, sai ga cutar pellagra, wadda rashin niyasin ke kawowa, ta addabi talakawan arewacin Sifen da Italiya da suka mai da masara abincin kullum. Amma fa aikin metate wahala ne na gaske, awanni mace kan yi kowace rana a durƙushe kafin gida ya ci, don haka da injin markaɗe ya shigo garuruwa, daga baya kuma garin masara na leda irin Maseca ya cika kasuwa, ba wanda ya tsaya yi wa dutsen kuka. Yau an fi ganinsa a ƙauyukan jihar Oaxaca da makamantansu, ko lokacin biki in za a niƙa kayan miyar mole, ko ƴaƴan koko na cakulan, wanda shi har garwashi ake sawa a ƙarƙashin dutsen don mansa ya narke.

Molcajete kuwa bai je ko'ina ba, har gidajen birni masu blanda akwai shi. Ƙaramin turmi ne na wannan dutsen dai, mai ƙafa uku, wani lokaci a sassaƙa masa kan alade a gaba don ado, taɓaryarsa gajeriya ce sunanta tejolote. A ciki ake jajjaga tumatir da barkono da tafarnuwa bayan an gasa su, a ciki ake kwaɓa guacamole na fiya, kuma a cikinsa ɗin ake kawowa kan tebur. Masu girki na cewa miyar da aka jajjaga a dutse ta fi ta blanda, kuma suna da gaskiya, dutsen murƙushe kayan yake yi, ruwansu ya fito su bar gaɓa-gaɓa, blanda ko sara take yi ta cika abin da kumfa. Sabon molcajete ba a fara girki da shi kai tsaye, in ba haka ba tsakuwa za a ci. Ɗanyar shinkafa ake zubawa a yi ta niƙawa a zubar, da farko garin zai fito toka-toka, a sake, a sake, har sai ya fito fari tas. Garin Comonfort a jihar Guanajuato da San Salvador el Seco a Puebla sun yi suna wajen sassaƙa shi. Akwai na jabu da ake haɗawa da siminti, shi kam ko shekara aka yi ana niƙa shinkafa ba zai daina zubar da yashi ba.

Sai comal, faifan gashi mai faɗi wanda ba shi da baki mai tsayi. Na asali na yumɓu ne da ake ɗorawa kan murhu mai duwatsu uku, a shafe shi da ruwan cal don kada ƙullu ya kama, yanzu dai na ƙarfe ya fi yawa saboda baya fashewa. A kansa ake gasa tortilla, wata siririyar gurasar ƙullun masara, ba tare da mai ba, a juya sau biyu, in hannu ya ƙware a juyi na ƙarshe sai ta kumbura, har tsokanar ƴan mata ake yi cewa wadda tortillarta ta kumbura ta isa aure. Da can tafi ake yi da ƙullun tsakanin tafin hannu har ya yi faɗi, daga baya aka samu matsi na katako ko na ƙarfe, falle biyu da mariƙi, a sa curin ƙullu tsakanin leda a danna. In an sauke sai a naɗe a ƙyalle a saka cikin kwandon saƙa ko tortillero, mazubin ajiye tortilla, don kar ta huce.

Tukwanen ƙasa iri biyu ne aka fi sani, olla mai zurfi ta dafa wake da kofi mai kirfa, da cazuela mai faɗin baki ta mole da shinkafa. Shafen da ke sa su ƙyalli da Sifaniyawa ya zo, kuma nan matsala take, don da yawa daga masu ginin tukwane da dalma suke haɗa shi, abinci mai tsami kamar tumatir ko lemon tsami yana jawo dalmar ta shiga abinci, yara ta fi yi wa illa. Shi ya sa ake ta ƙoƙarin komawa shafe marar dalma, mai saye ma tambaya yake yi. Akwai kuma cazo na tagulla daga Santa Clara del Cobre a Michoacán, da shi ake alewar madara da suyar naman carnitas.

Molinillo shi ne maburgin cakulan, kusan irin maburgin da ake kaɗa miyar kuka da shi, sai dai an sassaƙa masa zobba masu motsi a jiki, a murza shi tsakanin tafin hannu biyu har kumfa ya taso. Kafin zamanin Sifaniyawa daga wannan ƙwarya zuwa waccan ake sheƙar da kokon daga sama don samun kumfan.

Tamalera babbar tukunyar turara tamales ce, ƙullun masara da ake naɗewa a ɓawon masara ko ganyen ayaba. Tana da faranti mai huji a ciki, ruwa a ƙasa, tamales a jere a sama, kuma tunda ba a son a riƙa buɗewa tururi na fita, sai a jefa kwabo ɗaya cikin ruwan. Muddin yana ƙara to da sauran ruwa, da ya yi shiru sai a ƙara tafasasshe ta gefe.