Aikin sa-kai na unguwa da yadda hukumomin birni ke jawo mazauna

Aikin sa-kai na unguwa tsari ne da hukumar birni ke bi ta jawo mazauna su sa hannu a harkokin inda suke zaune ba tare da albashi ba, kamar share magudanar ruwa, dasa itatuwa, kula da filin wasa, sa ido kan tsaro, ko ma zama a yanke abin da za a yi da kuɗin gwamnati. Galibi hukuma ce ke kawo kayan aiki da horo da motar kwashe shara, su kuma mutane su kawo lokacinsu da ƙarfinsu.

Mafi sauƙi shi ne a ba mutum abu guda ya riƙa kula da shi. A Boston ta Amurka akwai famfunan kashe gobara da dusar ƙanƙara ke binnewa lokacin sanyi, sai aka yi wata manhaja da mutum zai zaɓi famfo ɗaya ya raɗa masa suna, duk sanda dusa ta zubo ya fito da shebur ya tone shi don kada 'yan kwana-kwana su zo suna lalube. Honolulu ta ɗauki dabarar ta yi da jiniyoyin gargaɗin tsunami. Ita kuma hukumar kashe gobara ta Los Angeles a 1985 ta fara koya wa mazauna yadda za su rufe gas, su kashe ƙaramar wuta, su taimaki wanda ya ji rauni kafin agaji ya iso, shirin da ake kira CERT wanda daga baya ya bazu a duk ƙasar.

Inda abin ya fi armashi dai shi ne inda kuɗi ya shigo. Seattle ta buɗe wani asusu a ƙarshen shekarun 1980, in 'yan unguwa suka kawo aiki sai birni ya ba da nasa kason, kuma awannin da suka yi suna aiki ana lissafa su kamar kuɗi ne suka zuba, wato ko unguwa ba ta da masu hali za ta iya cin gajiyar asusun da guminta. Porto Alegre ta Brazil ta wuce nan a 1989, ta bar mazauna suna taruwa unguwa-unguwa suna jera buƙatunsu, suna zaɓen wakilai da za su bi kasafin, kuma a shekarun farko unguwannin talakawa sun samu ruwan famfo da magudanai da titi. Birnin New York ya fara irin wannan a 2011 da kansiloli huɗu kacal, yanzu har ɗan shekara 11 na iya kaɗa ƙuri'a kan ayyukan da za a yi, kuma ba a duba ko mutum ɗan ƙasa ne. Paris ta biyo baya a 2014 ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin manyan ayyuka.

Akwai kuma inda ba sa-kai ba ne sosai. A Ruwanda ana yin Umuganda, wato aikin gayya na gyara da tsaftace unguwa, duk Asabar ɗin ƙarshen wata, 'yan shekara 18 zuwa 65 dole su fito da safe, wanda ya ƙi ana iya cin tararsa, kuma yana cikin abin da ake dangantawa da tsaftar Kigali.

Sukar da aka fi yi wa waɗannan shirye-shirye ita ce masu lokaci ne ke zuwa taro, masu gidan kansu da 'yan fansho, mai aikin dare ko mai jego da wuya a gan su, to sai muryar kaɗan ta zama kamar ta kowa. Wasu kuma na ganin hukuma na fakewa da sa-kai ne ta sauke aikin da an riga an biya haraji dominsa. Sannan shiri kan mutu in mulki ya canza hannu ko aljihun birni ya bushe, ita kanta Porto Alegre ayyukan da aka zaɓa sun yi ta taruwa ba a yi ba, har a 2017 aka dakatar da tarukan.